Jan Fensir a Gefen Shafi

Taron Rasha da Afirka da aka yi a Sochi ranakun 23 da 24 ga Oktoban 2019 ne ya kai ni ƙasar. Da shugabanni suka gama ɗaukar hoto, aka gama maganar Ajakuta da makamai da alkama, abokan aikina suka kama hanyar gida. Ni kuwa na nufi Mosko, domin wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun likita a can ya ce in na bari 29 ga wata ta wuce ban tsaya a dandalin Lubiyanka ba, to ban zo Rasha ba. Shi ya zama bakina da kunnena har na bar ƙasar. Ina kiransa Likita tun bai zama ba, shi kuma yana ce mini Kawu.

Lubiyanka fili ne a tsakiyar gari. Gefe guda ga wani ƙaton gini mai ruwan ƙasa-ƙasa, hedikwatar 'yan sandan ciki tun zamanin Lenin. Sunan hukumar ya yi ta sauyawa, daga Cheka zuwa GPU, zuwa NKVD, zuwa KGB, yau FSB, amma gidan bai tashi ba. Daura da shi akwai babban kantin kayan wasan yara, iyaye na shiga da fita da balan-balan. A wani ɗan lambu kuma ga dutse guda, wanda aka ɗauko a 1990 daga tsibiran Solovki, inda aka kafa ɗaya daga cikin sansanonin gwale-gwale na farko a 1923.

Layi muka tarar, ya miƙe ya lanƙwasa cikin lambun, sanyi na ratsa ƙashi. Daga 2007 har zuwa lokacin, ƙungiyar Memorial ce ke shirya wannan zama a jajibirin ranar tunawa da waɗanda aka zalunta saboda siyasa. Ana farawa goma na safe, ba a tashi sai goma na dare. Kowa a miƙa masa 'yar takarda da kyandir a cikin kwalba. In layi ya zo kansa sai ya matsa gaban lasifika ya karanta suna, shekaru, sana'a, da ranar da aka harbe mai sunan. Likita na raɗa mini fassara: akawu, mai gadin sito, direban jirgin ƙasa, malamar makaranta, limamin coci. Wasu in sun gama ta hannunsu sai su ƙara da nasu na gida, kakana wane, ƙanin kakata wane. A shekarun 1937 da 1938 kaɗai an harbe mutum wajen 680,000 a Tarayyar Sobiyet, sama da 20,000 daga cikinsu a fili guda, Butovo, kudu da Mosko. Ko za a kwana ana karatu, ba za a kai ƙarshe ba.

Gajartar takardar ce ta tsaya mini a rai. Layi huɗu, mutum ya ƙare, kuma layukan nan daga fayil ɗin waɗanda suka kashe shi aka kwafo su. Na tambayi Likita ko akwai inda mutanen wancan zamani suka faɗi nasu da bakinsu.

Ya ce, "Kawu, ai sun rubuta. Mutanen nan akwai su da ajiye dayari, har gobe."

A ƙasar da baki ke yanka wuya a zahiri, wa zai zauna ya rubuta abin da ke cikinsa? Sashe na 58 na dokar laifuka, sakin layi na 10, ya hukunta farfagandar ƙin gwamnati, kuma bai tsaya ga mai yaɗa ta ba, har mai rubutawa da mai ajiyewa ya haɗa. Akasarin mazauna manyan birane a gidajen haɗaka suke, iyali biyar ko shida a gidan da asali na mutum ɗaya ne, kowane iyali ɗaki guda, madafa ɗaya, makewayi ɗaya, tarin maƙwabci ma kana ji. In 'yan bincike suka buga ƙofa da tsakar dare, takardu suke fara tattarawa. Wani manomi daga yankin Tyumen, Andrei Arzhilovsky, ya sha ɗauri ya dawo, ya ci gaba da rubuta yunwar gidansa da ƙaryar jaridu. A 1937 aka kama shi, dayarinsa ya zama shaidar da aka kafa masa, aka harbe shi a shekarar.

Duk da haka sun rubuta, dubbansu. Kuma gwamnatin da kanta ce ta ɗora musu alƙalami a hannu. Yaƙi da jahilcin da aka ƙaddamar a 1919 ya yi aiki: ƙidayar 1926 ta nuna kashi 56 cikin 100 na 'yan shekara 9 zuwa 49 ne ke iya karatu, ta 1939 ta nuna kashi 87. Miliyoyin 'ya'yan manoma suka wayi gari su ne na farko a zuriyarsu da suka iya rubuta sunansu. Kuma ko'ina mutum ya juya, tarihinsa ake tambaya. Neman aiki, shiga makaranta, shiga jam'iyya ko ƙungiyar matasanta ta Komsomol, duk sai ka cike takardar tambayoyi ka kuma rubuta tarihin rayuwarka da hannunka: wane ne ubanka, shanu nawa gare shi kafin juyin 1917, ya taɓa ɗaukar ɗan ƙodago? A wurin aiki akwai zaman da ake tashi ɗaya bayan ɗaya kowa ya soki kansa a gaban jama'a. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasan Mosko da muka yi ta ratsawa, masu marmara da fitilu kamar fadar sarki, an buɗe layinsu na farko a 1935, kuma leburorin da suka haƙa ramin an ƙarfafa musu gwiwa su riƙa rubuta dayari, a ga yadda aikin ke mayar da baƙauye sabon mutum. Wannan sabon mutum shi ne babban aikin gwamnatin, ya fi madatsun ruwa da masana'antun ƙarfe girma a idonta. Manyanmu da suka riƙa kama sashen Hausa na Rediyo Mosko a gajeren zango, da ɗalibanmu da suka je Jami'ar Patrice Lumumba, sun sha jin labarinsa. Yadda ake ƙera shi daga ciki ne ba a faɗa a rediyo.

Ɗaya daga cikin dayarorin da suka fi shahara a wajen Rasha na wata yarinya ne 'yar Mosko, Nina Lugovskaya. Ta fara shi a 1932 tana shekara 13. Mahaifinta tsohon ɗan wata jam'iyyar juyin juya hali ne da Bolshebik suka murƙushe, ya sha kamu da kora. Da aka fito da fasfo na cikin gida a ƙarshen 1932, aka hana shi izinin zama a Mosko, yarinyar ta rubuta cikin fushi cewa tana son ganin bayan Stalin, ko da da hannunta ne. Amma mafi yawan shafukan ba siyasa ba ne. Samarin ajinsu ne, da kishin yayyenta tagwaye, da gajiya da makaranta, da baƙin cikin idonta, domin harara-garke gare ta kuma ta ɗauka ba mai sonta. A farkon Janairun 1937 aka bincike gidansu aka tafi da littattafan. Bayan 'yan watanni aka kwashe su duka, ita da uwar da tagwayen, aka yanke musu shekara biyar-biyar a Kolyma, can ƙuryar gabas inda ake haƙar zinariya cikin ƙanƙara. Tana da shekara 18.

Littattafan sun kwanta a fayil ɗinta har 2001, lokacin da Irina Osipova ta ƙungiyar Memorial ta gano su a gidan adana takardun gwamnati. Mai binciken NKVD ya bi su shafi-shafi da jan fensir yana ja wa abin da ya ɗauka laifi ne layi, kuma waɗanda suka buga littafin sun bambanta waɗannan wurare, ta yadda mai karatu ke karanta mutum biyu a lokaci guda: yarinyar, da mutumin da ke neman abin da zai ɗaure ta da shi. Zagin Stalin ya sha jan layi, wannan ba mamaki. Amma har inda ta ce rayuwa ta ishe ta, tana tunanin kashe kanta, fensirin bai tsallake ba. Ƙuncin budurwa ma ya zama hujja, domin a ƙasar da shugaba ya sanar a 1935 cewa rayuwa ta ƙara daɗi, wanda bai ji daɗin ba akwai abin da yake nufi. Nina ta fita da ranta, ta auri wani mai zane da ta haɗu da shi a can, ita ma ta zama mai zane, aka wanke ta daga laifi a 1963, ta rasu a garin Vladimir a 1993, shekara takwas kafin a buɗe fayil ɗin.

Labarin Nina mai sauƙin so ne. Ya dace da abin da George Orwell ya koya wa duniya a littafinsa na 1949, inda mutum ke laɓewa a lungun da na'urar gwamnati ba ta hango shi ya buɗe dayari, wato a waje yana tafi da ihu tare da kowa, a takarda kuma ainihinsa ne ke magana. Da dukan dayarorin haka suke, da zancen ya zo da sauƙi. Wani masanin tarihi Bajamushe, Jochen Hellbeck, ya shiga gidajen adana takardun Mosko bayan 1990 ya karanta su da yawa, ya fitar da littafi a 2006 mai suna Revolution on My Mind, kuma abin da ya tarar ya fi na Orwell tayar da hankali. Da yawa daga masu rubutun ba ɓuya suke wa gwamnati ba. Aikinta suke taya ta a kan kansu.

Stepan Podlubny shi ne wanda na kasa mantawa. An haife shi a 1914 a wani ƙauye na yankin Vinnitsa a Yukren. Da aka zo tara gonaki wuri guda, aka sa wa ubansa tambarin kulak, wato manomi mai ɗan hali, aka ƙwace gida da gona aka kora shi arewa. Mutum wajen miliyan 1.8 aka kwashe haka a 1930 da 1931. Stepan da mahaifiyarsa suka samo takardun jabu da ke nuna su 'yan ƙwadago ne, suka shiga Mosko a 1931, ya samu gurbin koyon aiki a maɗaba'ar jaridar Pravda, bakin jam'iyyar da ta rusa gidansu. A nan ya fara dayari, yana gyara Rashancinsa da shi.

Mai karatu zai zaci zai tarar da tsinuwa. Tsinuwar tana nan, amma uban ne ke shan ta, a matsayin mutumin jiya, mai duka, mai duhun kai. Yaron ya yarda da hukuncin da aka yanke wa irinsu, abin da yake nema kawai a bar shi ya fita daga cikinsu. Ya shiga Komsomol, ya zama shugaban rukuni a wurin aiki, yana tilasta wa kansa karatu, yana zuwa gidan wasan kwaikwayo da gidan tarihi don ya waye. Ƙarshen shekara sai ya zauna ya yi lissafi kamar ɗan kasuwa, ga inda na ci gaba, ga inda na koma baya. In ya ji labarin yunwar da ke kashe mutanen garinsu a 1933 zuciyarsa ta karaya, ko ya ji yana shakkar abin da jarida ta ce, sai ya rubuta shi a matsayin ciwo, ragowar jinin kulak da bai gama fita ba. Yana hassadar abokansa masu tsabtataccen asali, waɗanda ke iya yarda ba tare da wahala ba. A 1932 'yan sandan ciki suka kira shi suka sa ya riƙa kai rahoton abokan aikinsa, ya karɓa, yana kwana da tsoron ranar da za su duba nasa asalin.

Mu da muka tashi ana horonmu da cewa mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa, ba baƙon abu ba ne a wurinmu bawa ya zauna da dare yana tuhumar zuciyarsa. Abin da Podlubny ke yi ke nan, sai dai jam'iyya ce a kujerar mai hukunci, kuma laifin da ake tuhumarsa da shi ba aikinsa ba ne, haihuwarsa ce. Tuba ba ta kankare shi. A 1935 ya samu shiga makarantar likitanci, a 1936 asiri ya tonu aka kore shi daga Komsomol. A Disambar 1937 aka kama mahaifiyarsa, matar da karatunta bai taka kara ya karya ba, aka ba ta shekara takwas saboda ɓoye asali. Daga nan ne muryar dayarin ta sauya, ya fara kiran zalunci da sunansa, yana bin layin gidajen yari da ƙunshin kaya. Amma ko a lokacin, kallon wanda ya faɗi jarrabawa yake wa kansa. Shi ma an ɗaure shi a 1939. Ya rayu, kuma a 1989, zamanin Gorbachev, ya kwashi littattafansa ya kai wata ma'ajiya mai zaman kanta da aka buɗe a Mosko don takardun talakawa.

Muna cin abinci a wata 'yar rumfar mutanen Uzbekistan na ba Likita wannan labari. Ya ajiye cokali ya ce, "Kawu, ɗalibin likita fa, kamar ni. To shi wanne ne na gaskiyar, mai zagin uban ko mai bin layin gidan yari?" Na ce hannu ɗaya ne ya rubuta su, a littafi ɗaya.

Sa'an Podlubny, Leonid Potemkin, shi ma haihuwar 1914 ne, amma ɗan talaka tilis daga yankin Ural, asalin da ake so. Dayarinsa cike yake da irin wannan horon kai, yadda zai gyara maganarsa, ya so kiɗan da ya dace, ya zama jagora. Shi tasa ta yi kyau, ya karanci haƙar ma'adinai har ya kai mataimakin minista. Kada a ce duk wanda ya yarda wawa ne ko matsoraci. Tsarin ya ɗauki 'ya'yan da ba su da takalmi ya mayar da su injiniyoyi, kuma sun san haka.

Akwai ƙorafin da masana suka yi wa Hellbeck, kuma ƙorafi ne mai nauyi: wanda ya san ana iya karanta littafinsa gobe, me zai hana ya rubuta abin da mai binciken ke son gani? Alexander Afinogenov shi ne misalin da ake kawowa. Shahararren marubucin wasan kwaikwayo ne, aka kore shi daga jam'iyya a 1937, abokai suka watse, ban da irin su maƙwabcinsa Boris Pasternak. Ya zauna a gidansa na Peredelkino, ƙauyen marubuta a bayan Mosko, yana jiran ƙarar mota da dare. A watannin nan ya cika dayarinsa da godiya, wai korar ta wanke shi, ta sake haihuwarsa. Har tambayoyin da mai bincike zai yi masa ya tsara, ya amsa su. Ba a zo ba. A 1938 aka mayar da shi jam'iyya, bom ɗin Jamus ya kashe shi a Mosko a Oktoban 1941. Wasiƙa ce yake rubuta wa NKVD, ko zuciyarsa ce? Ni a ganina tambayar ta ɗauka cewa shi kansa ya san amsar. Mutumin da ke jiran mutuwa a hannun abin da ya ba rayuwarsa, ya fi masa sauƙi ya yarda shi ne mai laifi da ya yarda rayuwar duka a banza ta tafi. Podlubny kuwa ƙorafin bai kama shi ba sam, domin a dayarin ya rubuta asirin takardun jabun, abin da ko shafi ɗaya aka gani ya isa a hallaka shi. Wanda ke rubutu don idon ɗan sanda ba zai yi haka ba.

Daga Mosko muka hau jirgin Sapsan, awa huɗu sai ga mu a Fitasbag, wanda a wancan zamani ake kira Leningirad. A nan ne wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta da Likita ya sani ta hanyar jikanta, ta karɓe mu a madafarta da shayi da baƙin burodi. Tana cikin masu aikin sa kai da ke kwafe tsofaffin dayarori zuwa kwamfuta. Aikin ya samo asali daga wani shiri mai suna Prozhito, wanda masanin tarihi Mikhail Melnichenko ya fara a 2015, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Turai da ke birnin. Iyalai na kawo littattafan da suka tsinta a akwatin kaka ko a saman sif, a ɗauki hotonsu, a rarraba wa masu kwafa, a zuba a intanet. Mutum na iya zaɓar rana guda, a ce 22 ga Yunin 1941 da Jamus ta kawo hari, ko 5 ga Maris 1953 da Stalin ya mutu, ya ga abin da mutane barkatai suka rubuta a ranar, farfesa da soja da 'yar makaranta.

Ta ce abin da ya fi ba ta wahala ba munin rubutun hannu ba ne, gurabe ne. Shafukan da aka yage, sunan da aka kankare da reza, wata uku da ba a rubuta komai ba sannan a ci gaba da zancen yanayi kamar ba abin da ya faru. Ta ce a dayarorin 1937 da suka bi ta hannunta, mafi yawa zancen kananzir ne da takalmin roba da layin burodi da wanda ya ƙi amsa wasiƙar soyayya. Sai a tsakiyar shafi mutum ya ce ɗakin maƙwabci an rufe shi da hatimi, ya wuce zuwa maganar haƙorinsa da ke ciwo. Na tambaye ta ko tsoro ne. Ta ce wani tsoro ne, wani kuma ɗakin yake so.

Washegari ta raka mu titin Liteyny, ta nuna mana gini mai lamba 4 da mutanen gari ke kira Babban Gida, hedikwatar 'yan sandan ciki ta birnin tun 1932. Ta ce mu wuce kawai, kada mu ɗaga waya. A Disambar 1938 aka kawo mawaƙiya Olga Berggolts hannun mutanen gidan nan tana da ciki. Tsohon mijinta, mawaƙi Boris Kornilov, an riga an harbe shi a shekarar. Cikin ya zube a tsare. A Yulin 1939 aka sake ta, aka mayar mata da dayarinta da aka ƙwace, duk ya sha jan fensir. Ta rubuta daga baya cewa ko ta zauna rubutu sai ta ji mai binciken na karantawa ta bayan kafaɗarta. A 1940, bayan duk wannan, ta karɓi katin zama cikakkiyar 'yar jam'iyya.

Da Jamus ta yi wa birnin ƙawanya, daga 8 ga Satumban 1941 zuwa 27 ga Janairun 1944, kwana 872, har rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 a rana, muryar Berggolts ce ke fita a rediyo tana riƙe da mutane. Mijinta na biyu yunwa ta kashe shi a Janairun 1942. Kalmominta ne aka sassaƙa a bangon maƙabartar Piskaryovskoye, inda mutum kusan rabin miliyan ke kwance a manyan ramuka, kowane rami da shekararsa kawai a kan dutse. Da rana tana ƙarfafa gari, da dare tana rubuta wa kanta ƙaryar hukuma, da yadda aka hana faɗa wa sauran ƙasar girman yunwar, da korar mahaifinta likita daga birnin. Ba ta daina ƙaunar juyin juya halin ba, ba ta kuma daina ganin abin da yake yi ba, ta rayu da su biyun har 1975, giya na cin ta. Sai a 2010 aka buga babban kaso na wannan dayari a littafi guda.

A ƙofar maƙabartar akwai ɗan ɗakin nuni, a ciki ga kwafin dayarin da kowane ɗan makaranta a Rasha ya sani, na Tanya Savicheva, 'yar shekara 11, shafi tara, mafi yawansu da sunan wani na gidansu da ranar da yunwa ta ɗauke shi. Ba mai tsayawa gabansa idonsa ya bushe. Amma na lura wannan an sa shi a gilashi tun zamanin gurguzu, domin Jamus yake tuhuma. Gidan tarihin ƙawanyar da mutanen birnin suka haɗa da hannunsu, Stalin ya sa an rufe shi a 1949 lokacin da ya juya kan shugabannin Leningirad, bai sake buɗewa ba sai 1989.

Wasu kuwa sun ƙi amincewa da takarda ɗungurungum. A gidan da ake kira Fontanny Dom, inda mawaƙiya Anna Akhmatova ta zauna a ɗaki guda na gidan haɗaka, yau gidan tarihinta ne. Ɗanta Lev Gumilev na tsare, ta yi wata 17 tana bin layin gidan yari. In ƙawarta Lydia Chukovskaya ta zo, wadda ita ma an harbe mijinta a 1938, sai Akhmatova ta rubuta baitoci a guntuwar takarda tana zancen shayi da ƙarfi saboda masu saurare, ƙawar ta haddace, a ƙona takardar a farantin toka. Haka waƙarta Requiem ta rayu shekaru a kawunan mutane ƙalilan. Mun san wannan ne saboda Chukovskaya ta koma gida ta rubuta a dayarinta, cikin alamu da rabin kalma.

Daren da za mu koma, dattijuwar ta ba mu wani labari daga aikinta. Ta ce iyalan da ke kawo littattafai su ke da ikon cewa a cire wani wuri, kuma tana ganin dacewar haka, tunda mai rubutun bai ce a nuna wa duniya ba. Mafi yawa zancen mata ko na giya ko rigimar gado suke so a rufe. Amma ta taɓa samun jikar da ta roƙa a cire inda kakanta ya yi kuka ranar mutuwar Stalin, don kunya. Ba a daɗe ba wani ya zo yana so a cire inda nasa kakan ya zagi Stalin, shi kuma ba kunya ba ce, ɗansa na neman aikin gwamnati.

Zaman karanta sunaye da na gani a Lubiyanka shi ne na ƙarshe da aka yi a gindin dutsen. A 2020 aka hana saboda annobar korona, ba a sake ba da izini ba. Ranar 28 ga Disambar 2021 Kotun Ƙolin Rasha ta ba da umarnin rusa Memorial, a 2022 ƙungiyar ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da wasu. A Maris na 2022, bayan sojojin Rasha sun shiga Yukren, aka kafa dokar da ke iya ɗaure mutum har shekara 15 kan abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da soja. Gidan tarihin Gulag na Mosko an rufe shi a Nuwamban 2024, aka ce matsalar kariyar gobara ce. Likita ya gama karatu ya dawo gida. Ya ce dattijuwar na nan tana kwafa, sai dai in ya kira ta a waya yanzu, daga gaisuwa sai zancen sanyi da ciwon gwiwa.